Neman Kushewar Kakanni a Birnin Katsina

1. Gabatarwa

A manyan biranen Turai, in mutum yana so ya san inda aka binne kakansa, sai ya nufi ofishin maƙabarta. Can zai tarar da littafi mai ɗauke da sunan kowane mamaci, da ranar da aka binne shi, da lambar sashe, da ta layi, da ta kabari. Mutumin Ƙofar Guga a birnin Katsina, wanda kakansa ya rasu a zamanin Sarki Dikko, ba zai sami irin wannan littafi ba, ko da ya kewaye birni duka. Wannan ya sa waɗansu suke tsammani Katsinawa ba su da wata hanya ta adana labarin matattunsu. Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa hanyar tana nan, sai dai ta rabu kashi biyu: rubutu ya riƙe suna da shekara, mutane kuwa suka riƙe wuri. Wanda bai haɗa biyun ba, ba zai kai ga kushewar da yake nema ba.

An zaɓi Ƙofar Guga don ta dace da zancen. Tana daga yamma maso arewacin birni, ta nan ne hanya ta fita zuwa Jibiya da Maraɗi. Sa'ad da Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Katsina cikin 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 13 zuwa 14, amma ya ce sashen arewa maso yamma kaɗai ke da mutane, su ma ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Watau wannan shiyya ba ta yanke zama ba, har a lokacin da sauran birnin ya koma gonaki da kangaye. Gidajen da ke nan suna da zurfin tarihi, suna kuma da matattu masu yawa.

2. Kalmomin da ake amfani da su

Ya kamata a fara da kalmomi, don suna nuna asalin al'adar. Kabari daga Larabci ya zo, haka ma maƙabarta. Kushewa ita ce kalmar Hausa ta asali, jam'inta kusheyi, ita ce kuma ta fito a sunan Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani. Makwanci kalma ce ta sakayawa, kamar yadda ake cewa Allah ya haskaka makwancinsa. Hubbare kuwa Larabci ne da ya ratso ta Fillanci, asalinsa ƙubba, ba a kuma faɗarsa sai ga kabarin da aka yi wa ɗaki, kamar na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Sakkwato.

Abin lura a nan shi ne Hausa tana da sunan kowane sashe na kabari, akwai uwar kabari, akwai 'yar kabari, akwai itacen kabari, amma ba ta da wata tsohuwar kalma ta musamman ga dutse mai rubutu da ake kafawa a kai. Yau ana cewa allo, ko alama, dukansu an ɗauko su daga wani aikin dabam. Harshe ba ya raɗa wa abin da jama'a ba ta yi suna.

3. Dalilin rashin rubutu a kan kabari

Rashin rubutun ba sakaci ba ne, hukunci ne na mazhabar Malikiyya, wadda malaman Katsina suke bi tun fil azal. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu cikin 996, ta karhanta yin gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa. Muhtasar na Shaihu Halilu ya ƙara fayyace abin: ya halatta a sa dutse ko itace don a bambance kabari daga ɗan'uwansa, da sharaɗin kada a zana kome a jiki. Tushen halaccin kuwa shi ne hadisin da ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye dutse wajen kan Usmanu ɗan Maz'un a Madina, don ya riƙa gane wurin, ya kuma binne waɗanda suka rasu daga iyalinsa kusa da shi. Waɗannan littattafai biyu su ne almajirin ilimi yake sauka a zaurukan Katsina, su ne kuma alƙalai suke hukunci da su. Saboda haka alama ta halatta, suna bai samu wuri ba.

Yadda ake yin kabarin ma yana taimaka wa ɓacewarsa. Akan haƙa uwar, sa'an nan a haƙa 'yar a tsakiyarta daidai faɗin mamaci. Akan kwantar da shi a kan gefensa na dama, kai kudu, ƙafafu arewa, fuska gabas wajen alƙibla. Sai a jera itace ko fasassun tukwane, a toshe kafofi da laka, a tura ƙasa har ta yi tudu kamar taƙi ɗaya. Damina biyar ko shida ta isa ta kwantar da tudun. In itacen ya ruɓe sai wurin ya lotsa, in ba wanda ya zo ya ƙara ƙasa sai ya daidaita da fili. Dutsen da aka sa yakan gusa, reshen da aka kafa gara takan cinye. Abin da ya saura shi ne abin da ke cikin kan waɗanda suka raka gawa.

Da yake maza ne ke raka gawa, mata ba su zuwa, ilimin ya rabu a cikin gida ɗaya. Tsohuwa ta san ranar da aka yi rasuwa, da cutar da ta yi sanadi, da wanda ya yi wanka, amma ba ta taɓa ganin kabarin ba. Tsoho ya san wace bishiya ce kusa, da wanda ke kwance daga gabas, amma sau da yawa shekarar ta shige masa. Mai bincike yana bukatar su duka.

4. Kaburburan da ba su ɓace ba

Duk da haka akwai kaburbura a Katsina da suka yi shekaru ɗaruruwa ba su ɓace ba, kuma dalilin wanzuwarsu shi ne darasin da ake nema. Wali Ɗan Marna, watau Muhammadu ɗan Sabbag, malami ne na ƙarni na 17, almajirinsa kuwa shi ne Wali Ɗan Masani, wanda aka haifa cikin 1595 ya rasu cikin 1667. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace su a Infaƙul Maisuri, wanda ya gama cikin 1812. Kafin su, Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rasu cikin 1627, ya kawo labarin Muhammadu ɗan Ahmad Tazahti a littafinsa Nailul Ibtihaji, ya ce ya yi alƙalanci a Katsina, ya rasu a nan wajen Hijira 936, watau 1529 zuwa 1530. Waɗansu masana suna ganin shi ne Katsinawa ke kira Wali Ɗan Takum. Littattafan sun ba da suna da zamani da gari. Ziyara ce, ta shekara da shekaru, ta riƙe wurin.

Daga nan wani abu ya biyo baya wanda ke da amfani ƙwarai ga mai neman danginsa. Mutane suna son a binne nasu kusa da bayin Allah na gari, don haka kabarin wali ya zama cibiya, maƙabarta ta yi ta faɗi kewaye da shi, har ta ɗauki sunansa. Haka aka sami maƙabartar Ɗan Marna da ta Ɗan Takum. A ta Ɗan Marna aka binne Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa cikin Disamba 1997, nan kuma aka binne ƙanensa, Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa, ran 6 ga Mayu 2010. Gidaje da yawa suna da shiyyar da suka saba kai nasu, uba kusa da kaka, ɗa kusa da uba. In an gane kabari ɗaya na gida, an sami bakin zaren sauran.

A gwada wannan da Durɓi ta Kusheyi. Can tuddan suna nan manya, ba wanda zai wuce bai gan su ba. Razdan Palmer ya haƙa wasu cikin 1907 da yardar Sarki Dikko, aka sake haƙa wasu cikin 1992, aka sami kayan ado na ƙarfe da na hauren giwa, waɗanda suka tabbatar da cewa manyan mutane ne ke kwance. Amma ba a sami rubutun da ya ce wane ne a wane tudu ba. Wuri ya wanzu, suna ya tsere.

Akasin haka shi ne labarin Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine, masanin hisabi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741 a gidan Shaihu Hasan Jabarti. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Jabarti, ya rubuta a tarihinsa na Masar cewa mahaifinsa ya binne baƙon a Bustanul Ulama'i, ya gina kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Ga Bakatsinen da aka fi sanin bayanin binne shi fiye da na tsararsa da suka rasu a gida, don kawai ya cika a ƙasar da al'adarta ta yarda da rubutu a kan kabari.

5. Takardun da ke akwai

Rashin littafin maƙabarta bai hana a sami waɗansu takardu da mutuwa ta bar sawu a cikinsu ba. Na farko, littattafan kotun alƙali. Bayan da Gwamna Lugga ya shigo Katsina cikin 1903 aka kafa mulkin En'e, an wajabta wa alƙalai su riƙa rubuta shari'unsu. Rabon gado yana cikin abin da ake rubutawa, tun da ana cire ushira daga dukiyar a kai baitulmali. A irin wannan shafi akan ga sunan mamaci, da unguwarsa, da magadansa, da abin da ya bari. Amma wanda ya rasu bai bar abin rabo ba, ko wanda danginsa suka raba a gida a gaban malamin unguwa, ba zai fito ba.

Na biyu, littattafan haraji. Kowace shekara akan rubuta sunayen magidanta da baligan maza na kowace unguwa. In sunan mutum ya fito bana bai fito baɗi ba, ko dai ya ƙaura ko ya rasu. Wannan hanya ba ta kama mata da yara. Na uku, rajistar haihuwa da mutuwa. A ƙarshen zamanin Turawa En'en Katsina ta yi suna wajen masu nazarin yawan jama'a saboda irin wannan rajista. A ƙasa baki ɗaya kuwa, doka mai lamba 69 ta 1992 ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko da yake har yanzu mutuwa da yawa ba ta kaiwa ga littafi. Takardun lardin Katsina na zamanin Turawa suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. A Katsina kuma akwai hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Littafin Dokta Yusufu Bala Usman na 1981, kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna yadda ake haɗa irin waɗannan takardu da bakin dattawa.

Akwai na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, alhali yana cikin gida. Malamai sukan rubuta ranar haihuwar ɗa ko rasuwar uba a gefen littafi ko a bangon gafaka, da Larabci ko da ajami. Tsohon kundi ɗaya yana iya warware abin da aka yi shekara ana gardama a kai.

Duk waɗannan takardu suna da tarko guda, shi ne suna. Saboda alkunya, jikoki sukan san kakansu da Malam, ko Baba Tsoho, ko wani laƙabin sana'a kamar Maigoro, ba su taɓa jin sunansa na yanka ba. Littafin alƙali kuwa sunan yanka yake rubutawa. A takardun boko na farko kuma Muhammadu ɗaya yana iya fitowa Mamman a nan, Momo a can. Shekara ma tana da nata tarkon, don dattawa da abin da ya auku suke lissafi. Malamin da ya san an yi babbar yunwa cikin 1914, an yi annobar mura cikin 1918, Sarki Dikko ya tafi Makka cikin 1921 ya rasu cikin 1944, Sarauniyar Ingila ta zo cikin 1956, Sarki Usman Nagogo ya rasu cikin 1981, zai iya mayar da maganar tsohuwa ta zama lamba.

6. Waɗanda suka fita ba su komo ba

Ba kowane Bakatsine ne ke kwance a Katsina ba. Wajen 1807, da jama'ar Malam Ummarun Dallaje suka ci birnin, sarakunan Haɓe da mabiyansu suka yi arewa. Magajin Haladu ya cika a Ɗankama, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi wajen 1819, har yau kuma Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar can. Gidaje sun rabu biyu, rabi a nan rabi a can, kan iyakar Ingilishi da Faransi ta zo ta ƙara raba su. Wanda ya bi sawun danginsa zuwa Maraɗi sai ya tuna ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin da ke cikin kwari, aka koma kan tudu, don haka tsofaffin wurare ba a tsakiyar garin yanzu suke ba. Waɗansu kuma hanyar Makka suka bi da ƙafa, suka cika a Cadi ko Sudan, inda Hausawa da Filani suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu.

Rukuni ɗaya ne kaɗai ke da cikakken littafin maƙabarta irin na Turai, su ne sojan da suka mutu a yaƙin duniya. An kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi ta daular Ingila cikin 1917, aka sake mata suna cikin 1960 ta zama ta ƙasashen Kwamanwel. A yaƙin duniya na biyu rundunonin Afirka ta Yamma biyu, ta 81 da ta 82, sun yi yaƙi a Bama, a kwarin Kaladan cikin 1944 da Arakan cikin 1945, 'yan Arewa kuwa suna da yawa a cikinsu. An tattaro gawawwaki daga filayen daga zuwa maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, inda ke da kaburbura fiye da 6,000. A tsakiyarta akwai ginin tunawa mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Littafin hukumar yana ba da suna, da lambar soja, da bataliya, da ranar mutuwa, da lambar kabari ko ta bangon da aka zana sunan, ana kuma iya duba shi ta intanet.

Sai dai a nan ma suna ya zama tarko. Akan rubuta soja da sunansa da na garinsa, don haka Audu Katsina ko Musa Kano yana iya zama mutum goma, waɗansu ma sun shiga soja da sunan da ba nasu ba don kada iyaye su hana. Lambar soja ce ke raba gardama. Gidan da ya adana lambar yabo ko wata takardar soja, ya adana mabuɗin. Game da yaƙin duniya na farko kuwa, rahoton da hukumar ta fitar cikin Afrilu 2021 ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ba sam. Ashe littafi ma yana da waɗanda yake bari a waje.

7. Abin da ya rage a yi

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da tsari. A fara da tsofaffin matan gida don a sami sunan yanka da zamanin rasuwa. A mayar da zamanin ya zama shekara. A nemi tabbaci a kundin gida, ko littafin alƙali, ko na haraji. Sa'an nan a nemi dattijon da ya raka gawa, ko ɗansa, tare da liman da mai unguwa da masu haƙa, a tafi maƙabarta da su. A tambayi wanda ke kwance kusa, don sau da yawa kabarin maƙwabci ne ke nuna na wanda ake nema. In abin ya tsaya ga shiyya, bai kai ga gurbi ba, to shiyyar ta wadatar, tun da shari'a ba ta yarda a tone kabari don neman tabbaci ba, addu'a kuwa ba ta ɓatan hanya.

A shekarun baya-bayan nan an soma ganin ƙananan alluna na ƙarfe masu suna da kwanan wata a maƙabartun birane, malamai kuwa sun saɓa a kan hukuncinsu. Amma saɓanin a kan abin da aka kafa bisa kabari yake. Littafin da aka ajiye a ɗakin mai gadi, da taswirar da ta raba maƙabarta sashe sashe, ba su taɓa kabari ba.

Lokaci ne ke da ƙaranci. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha cikin 1987 gine-gine suka tsallake ganuwa ta kowace fuska, ganuwar kanta ta zaizaye, bishiyoyi da gonaki da burtalai waɗanda dattawa ke kwatance da su suna ta gushewa. Maƙabarta a shari'a hubusi ce, ba a sayarwa ba a ginawa, amma wadda aka manta iyakarta ba ta da mai kare ta. Malaman kwalejojin horon malamai suna da ɗalibai daga kowace unguwa. In kowane ɗalibi ya zauna da dattijo ɗaya na gidansu a lokacin hutu, ya rubuta sunayen mamatan gidan na yanka, da laƙabinsu, da shekarar rasuwa, da maƙabartar da aka kai su, da abin da ke kusa da kabarin, a shekara ɗaya za a sami littafin Ƙofar Guga, a bi da na Ƙofar Sauri, da Ƙofar Marusa, da Ƙofar Durɓi, da sauran ƙofofi. Waɗanda suka raka gawa a zamanin Sarki Dikko kusan duk sun bi bayanta. Waɗanda suka raka a zamanin Nagogo suna nan tukuna, a tambaye su tun suna iya nunawa da sanda.